Marie Taglioni: Farar Shigar da Ta Ɗaukaka Ta, Ta Kuma Cinye Ɗalibarta

Ranar 15 ga Nuwamba, 1862, ana tsakiyar gwajin wasa a gidan Opera na birnin Paris, wata 'yar rawa mai shekara 20, Emma Livry, ta miƙe a gefen dandamali ta karkaɗe siket ɗinta don ya buɗe kafin ta shiga fage. Kusa da ita akwai fitilar gas da harshen wutarta ke ci a fili. Yadin kuwa shara-shara ne, ninki a kan ninki, saboda haka kafin a ankara wuta ta rufe ta. Ta ruga a guje tana ci da wuta, har sai da wani ɗan kwana-kwana ya cim mata ya lulluɓe ta da bargo. Ta yi wata takwas tana jinya, sannan ta rasu ranar 26 ga Yuli, 1863.

Cikin waɗanda suka ga abin da idanunsu har da malamar yarinyar, wata dattijuwa mai shekara 58, Marie Taglioni. Shekara 30 kafin wannan rana, a kan wannan dandamali dai, ita ce ta fito sanye da irin wannan farar shiga, ta sa Turai baki ɗaya ta kamu da son ta. Siket ɗin da daga baya aka raɗa wa suna tutu, wanda a yau ko wanda bai taɓa kallon rawar bale ba zai gane shi a hoto, da sunan Taglioni ya shiga duniya. Duk wanda ya bi diddigin rayuwarta zai tarar da abubuwan da farin yadin ya rufe: azabar horo, lissafin 'yan kasuwa, da 'ya'yan talakawa da aka bar wa haɗarin.

Sunan kansa kan sa Bahaushe murmushi, saboda abin da kalmar ke nufi a bakin yara. A Faransanci ma ba ta da wani asali na alfarma. Masana harshe da dama na ganin daga maganar yara ta fito, daga kalmar da suke kiran mazaunai da ita, wasu kuma na danganta ta da tulle, wani yadin raga mai laushi da ya samo suna daga garin Tulle. Sai wajen 1881 kalmar ta fara bayyana a rubuce, lokacin da Taglioni ta tsufa tukuf. A zamanin tashenta tufar ba ta da wannan suna.

Yarinyar da ba a sa wa rai ba

An haifi Marie a Stockholm, babban birnin Suwidin, ranar 23 ga Afrilu, 1804. Mahaifinta Filippo Taglioni ɗan Italiya ne, ɗan rawa kuma mai tsara rawa, da ke yawon aiki daga wannan fada zuwa waccan. Mahaifiyarta Sophie Karsten 'yar wani shahararren mawaƙin opera ce na Suwidin. Gado ta tarar ta ɗaki da ta waje, sai dai babu wanda ya dubi yarinyar ya ce za ta gaji gidan. Siririya ce, hannayenta sun yi tsawo, bayanta ya ɗan ranƙwafa. A Paris, inda ta tashi tare da mahaifiyarta da ƙanenta Paul, an sa ta a wurin fitaccen malami Jean-François Coulon, kuma ba ta yi fice a cikin ɗalibansa ba.

A 1821 Filippo, wanda ke shugabantar sashen rawa a gidan wasan fadar Vienna, ya samo mata damar fitowa, ya aika ta zo. Da ya gwada ta ya ga ba ta kai ba, sai ya ɗauki aikin da kansa. Awa shida kowace rana, an raba gida uku: na ƙarfafa ƙafafu, na tsayuwa a ƙafa ɗaya ana juyawa a hankali ba tare da tangaɗi ba, da na tsalle. Louis Véron, wanda daga baya ya shugabanci gidan Opera na Paris, ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa cewa akan gama darasi ta zube a ƙasa kamar sumammiya, a cire mata kaya, a goge mata jiki, a sa mata wasu, ba ta san ana yi ba.

Dabarar Filippo ta fi tsananinsa muhimmanci. Bai yi ƙoƙarin miƙar da bayan 'yarsa ba, sai ya gina salo a kansa. Ya koya mata ta riƙa karkata gaba kaɗan kamar mai sauraron wani abu daga nesa, ta riƙa lanƙwasa dogayen hannayen ko ta harɗe su a ƙirji don kada tsawonsu ya fito. Abin da aka ƙirƙira don ɓoye tawaya shi ne daga baya makarantun rawa suka mayar ma'aunin kyau. Haka kuma tsayuwa a kan tsinin yatsun ƙafa: ba ita ta fara ba. Geneviève Gosselin ta yi a Paris, Amalia Brugnoli ta yi a Vienna, amma a wurinsu bajinta ce da ake ganin ƙoƙarin da ke cikinta. Taglioni ta horu har ƙoƙarin ya daina bayyana. Takalman lokacin kuwa silifa ne na satin mai laushi da aka ƙarfafa bakinsa da zare, babu taurin da takalman yau ke da shi a gaba. Ƙarfin ƙafa ne kaɗai ke ɗauke da ita.

Ta fara fitowa a Vienna ranar 10 ga Yuni, 1822, ta yi wasu shekaru a Munich da Stuttgart, sannan ta isa gidan Opera na Paris a watan Yulin 1827.

Juyin juya hali da sabon mai gida

Rawar bale, wadda ake ba da labari a cikinta da motsin jiki ba tare da magana ba, 'yar fada ce tun asali. A fadodin Italiya ta tsiro, ta girma a fadar Faransa, inda Sarki Louis na 14 ya kafa mata cibiya a 1661. Maza ne suka daɗe suna jan ragamarta, mata kuwa suna rawa cikin manyan rigunan fada masu nauyi da ke jan ƙasa. A ƙarni na 18 Marie Camargo ta ɗage siket ɗinta zuwa saman idon sawu don a ga aikin ƙafafunta, Marie Sallé kuma ta fito a Landan a 1734 cikin doguwar riga mara nauyi. An yi ta surutu a kansu, amma al'ada ba ta sauya nan take ba.

Siyasa ce ta buɗe wa Taglioni hanya. A watan Yulin 1830, cikin kwana uku, mutanen Paris suka tumɓuke Sarki Charles na 10, aka naɗa Louis-Philippe, wanda masu bankuna da manyan 'yan kasuwa suka fi kowa amfana da mulkinsa. Sabuwar gwamnati ta cire gidan Opera daga ƙarƙashin fada, ta damƙa shi ga ɗan kasuwa da zai gudanar da shi, riba tasa, asara tasa, alhali baitulmali na ci gaba da ba shi tallafi kowace shekara. Mai karatun da ke bin yadda ake cefanar da kadarorin gwamnati a yau ba zai ga tsarin baƙo ba. Wanda ya samu kwangilar a 1831 shi ne Véron, likitan da ya yi arziki da tallar wani maganin tari, mutumin da ya fahimci ƙarfin jarida da talla fiye da yadda ya fahimci kiɗa.

Véron ya san masu sabon kuɗi na son abin mamaki. Gidan kuwa yana da sabon makami, domin tun 1822 aka sa masa fitilun gas, waɗanda ake iya rage haskensu ko a ƙara, a kwaikwayi farin wata ko duhun daji. A watan Nuwamban 1831 aka nuna wasan Robert le Diable na Giacomo Meyerbeer, wanda a cikinsa matattun mata masu zaman zuhudu ke tashi daga kaburbura cikin fararen kaya su yi rawa a kangon majami'a, Taglioni na jagorantar su. Jama'a suka yi ta tururuwa. An gano cewa farin yadi mai shara-shara a ƙarƙashin hasken gas yana sa mace ta zama kamar hayaƙi.

Jarumin wannan wasa, mawaƙi Adolphe Nourrit, shi ya rubuta labarin da Filippo ya tsara wa rawa, aka nuna ranar 12 ga Maris, 1832, da sunan La Sylphide. Labarin wani saurayi ne manomi a Sikotilan, James, wanda a ranar aurensa wata aljanar iska ta bayyana gare shi. Ya bar amaryarsa ya bi ta daji, amma duk lokacin da ya kai hannu sai ta kuɓuce. Wata tsohuwar mayya da ya taɓa wulaƙantawa ta ba shi gyale, ta ce idan ya yafa mata ba za ta ƙara tashi ba. Ya yafa mata, fukafukanta suka zube, ta mutu a gabansa, daga nesa kuma yana hango amaryarsa ana kai ta ga wani.

Shigar da Taglioni ta yi a wannan dare ita ce uwar duk wani tutu: 'yar riga mai kama jiki da ta bar wuya da kafaɗu a buɗe, siket fari mai siffar ƙararrawa da aka yi da ninkin yadi mara nauyi, ya tsaya tsakanin gwiwa da idon sawu, ƙananan fukafukai a baya, da kambin furanni a ka. Ana danganta zanen ga mai zane Eugène Lami, ko da yake an riga an ga makamantan wannan shiga a dandamali kafin nan. Abin da ya bambanta ta shi ne kowane sashe nata yana da aiki. Tsawon siket ɗin ya bar ƙafafu a fili don a ga ba ta taka ƙasa sai da tsinin yatsu. Rashin nauyin yadin ya sa yakan ɗan tsaya a iska bayan ta sauka daga tsalle, sai ido ya ɗauka har yanzu tana sama. Shekara goma na horon da ke sumar da mutum, duk an yi su ne don mai kallo ya yarda cewa wannan halitta ba ta da nauyi, ba ta gumi, ba ta gajiya. A nan farin jinin tutu yake har gobe.

Kimanin mako biyu bayan wannan dare cutar kwalara ta shiga Paris. Kafin shekarar ta ƙare ta kashe mutum fiye da 18,000 a birnin, akasarinsu a unguwannin talakawa masu cunkoso, ta kuma kashe Firaminista Casimir Perier. A watan Yuni aka yi bore a tituna, sojoji suka murƙushe shi. A irin wannan shekara ce masu hali suka zaɓi su zauna cikin duhu suna kallon mace mai tashi sama. Shi kansa farin yadin ba daga iska ya faɗo ba: a wannan zamani mafi yawan audugar da masaƙun Ingila da Faransa ke sarrafawa daga gonakin kudancin Amurka take zuwa, inda bayi baƙar fata ke tsinkar ta.

Nan da nan sunan Taglioni ya zama haja. Mata suka riƙa gyaran gashi irin na aljanar wasan, aka kafa mujallar kwalliya mai suna La Sylphide, a Ingila aka sa wa wata kwat da wani keken doki na fasinja sunanta. Gimbiya Victoria, tun kafin ta hau gadon sarauta, tana yi wa 'yan tsanarta shigar Taglioni. A 1836 August Bournonville ya tsara tasa La Sylphide a Copenhagen, wadda ita ce ake yi har yau. A 1841 aka yi Giselle, da tarin fatalwowin 'yan mata cikin farin siket iri ɗaya. Farar shigar ta zama kayan aikin kowace 'yar rawa.

Abin da ke bayan labule

Akwai wani ɗaki a bayan dandamalin gidan Opera inda 'yan rawa ke ɗumama jiki kafin su fito. Véron ya buɗe ƙofarsa ga attajiran da ke biyan kuɗin kujera na shekara. Waɗannan maza, masu sarauta da masu bankuna da 'yan siyasa, sukan shiga su zaga suna duba 'yan mata. Yawancin 'yan matan 'ya'yan masu wanki ne da masu ɗinki da masu gadi, waɗanda aka kawo makarantar rawa tun suna ƙanana, ana yi musu laƙabi da ƙananan ɓeraye. Albashinsu ba ya riƙe su, saboda haka samun attajirin da zai ɗauki nauyi ya zama wani ɓangare na sana'ar da kowa ya sani, ba a kuma rubuta shi a kwantiragi ba. Tufar da a gaban dandamali ke nuna tsarki, a bayansa ita ce kayan tallar. Duk wanda ya lura da zane-zanen Edgar Degas na shekarun baya zai ga maza masu baƙar kwat da doguwar hula tsaye a gefe, suna jira.

Taglioni ba ta bi ta wannan ƙofa ba, kuma dalilin ba wani sirri ba ne: tana da uba da ke cikin sana'ar, tana da suna da ke cika kujeru. Ita da Filippo tare ake ɗaukar su, shi ke tsara mata rawa, suna kuma gindaya sharuɗɗansu, har da hutun watanni da take zuwa Landan ta tara kuɗi. Véron bai ji daɗin wannan ƙarfi ba. A 1834 ya ɗauko Fanny Elssler 'yar Ostiriya, mai rawa da zafi da kaɗa jiki, don ya yi mata kishiya. Jaridu suka hura wutar, masoya suka rabu biyu, marubuci Théophile Gautier ya siffanta ɗaya da rawar masu ibada, ɗayar da rawar maguzawa. Ribar gabar kuwa aljihun gidan ta shiga.

A gida ba ta yi sa'a ba. Ta auri wani ɗan sarauta, Gilbert de Voisins, a 1832, auren bai yi ƙarko ba, suka rabu cikin 'yan shekaru. A tsakiyar shekarun 1830 ta ɗauki dogon hutu da sunan ciwon gwiwa, likitoci suka yi ta dubawa ba su ga komai ba, daga baya ta haifi 'ya mace. Paris ta daɗe tana raha da wannan ciwon gwiwa. Amma abin da rahar ke ɓoyewa a bayyane yake: matar da ake sayar da ita a matsayin aljana ba ta da damar cewa tana da ciki.

A 1837 ta bar Paris ta tafi St Petersburg tare da mahaifinta, inda gidajen wasa ke ƙarƙashin fadar Sarki Nicholas na 1, a ƙasar da miliyoyin manoma ke zaman mallakar masu gonaki. Ta yi shekara biyar ana yi mata ruwan kyaututtuka. Ana ba da labarin cewa da za ta tafi a 1842 wasu masoyanta sun sayi takalmanta suka dafa suka ci. Ko da almara ce, ta nuna irin zautuwar da aka yi. A ranar 12 ga Yuli, 1845, a Landan, manaja Benjamin Lumley ya haɗa ta da Carlotta Grisi da Fanny Cerrito da Lucile Grahn a rawa ɗaya mai suna Pas de Quatre, dukansu cikin irin siket ɗinta. Babu wadda ta yi mata jayayya kan fitowa a ƙarshe, wurin da ya fi daraja, amma Grisi da Cerrito suka yi cacar baki kan wadda za ta zo kafin ita. Lumley ya ce a ba wadda ta fi shekaru. Nan take kowacce ta ja da baya. Taglioni na da shekara 41 a lokacin, kuma a 1847 ta yi ritaya.

Ta koma Italiya, tana zama tsakanin gidanta na bakin tafkin Como da birnin Venice, inda wani yarima ɗan Rasha, Alexander Trubetskoy, ya ba ta tsohon gidan nan mai suna Ca' d'Oro. Gyaran da aka yi wa gidan a hannunta ya rushe wasu tsofaffin sassansa, har da matattakalar tsakar gida, abin da masana gine-gine ba su yafe mata ba.

Takardar da Emma ta sa wa hannu

A 1858 labari ya iske ta cewa wata yarinya mai shekara 16 ta fito a La Sylphide a Paris, kuma ana cewa ta tuna wa mutane da ita. Taglioni ta taso ta zo ta gani. Yarinyar ita ce Emma Livry, kuma asalinta kaɗai ya isa bayanin ɗakin bayan dandamali: mahaifiyarta ƙaramar 'yar rawa ce a gidan, mahaifinta wani ɗan sarauta ne da bai karɓe ta a matsayin 'ya ba. Taglioni ta riƙe ta kamar ita ta haife ta, ta zauna a Paris, aka ba ta aikin sa ido kan azuzuwan rawa. A wannan muƙami ta taimaka aka kafa jarrabawar ƙarin girma ga 'yan rawa a 1860, ta yadda yarinya za ta hau mataki ta hanyar yin rawa a gaban alƙalai. Tsarin ya daɗe fiye da ƙarni ɗaya da rabi, kuma mai yiwuwa shi ne mafi amfanin abin da ta bar wa 'ya'yan masu wanki.

A wannan shekara ta tsara wa Emma wasa guda ɗaya tak da ta taɓa tsarawa, Le Papillon, da kiɗan Jacques Offenbach. Labarin yarinya ce da aka mayar malam-buɗe-littafi, ta je kusa da wutar tocila, fukafukanta suka ƙone.

Haɗarin wuta ba sabon abu ba ne a lokacin. A watan Disamban 1844 wata 'yar rawa, Clara Webster, ta kama da wuta a gaban 'yan kallo a gidan wasa na Drury Lane da ke Landan, a wani wasa da asalinsa Filippo Taglioni ne ya tsara, ta mutu bayan 'yan kwanaki. A 1859 gwamnatin Napoleon na 3 ta ba da umarnin a riƙa jiƙa kayan wasa da wani sinadari mai hana kama wuta, wanda Jean-Adolphe Carteron ya haɗa. Matsalar ita ce sinadarin yana sa yadin ya yi tauri, farinsa ya dushe, wato yana kashe ainihin abin da ake biyan kuɗi a gani. 'Yan rawa da dama suka ƙi shi. A 1860 Emma ta rubuta wa shugaban gidan cewa da siket ɗinta na yau da kullum za ta yi rawa, kuma duk abin da ya same ta ita ta ɗauki alhaki.

Sau da yawa akan ba da wannan labari a matsayin na yarinyar da son kwalliya ya halaka. Wannan karatu ya yi wa hukumar gidan sauƙi da yawa. Yarinya ce mai shekara 18, wadda abincinta da na mahaifiyarta ya dogara ga ta fito ba nauyi a idon masu kujerun gaba, an kuma ba ta zaɓi tsakanin tufar da za ta dusashe ta da tufar da za ta iya kashe ta. Akwai hanya ta uku da ke hannun masu gidan, wato killace kowace fitila da tanadin ruwa da barguna a kusa, amma wannan kuɗi ne. Takarda ta fi arha. Dokar ta sauka a kan yadin da ke jikin ma'aikaciya, harshen wutar kuwa aka bar shi yana ci a gefen dandamali, har ranar da ya same ta. Ragowar rigar da ta ƙone tana ajiye a gidan tarihin Opera. Shi kansa ginin da abin ya faru a cikinsa gobara ce ta cinye shi a watan Oktoban 1873, kuma sai da wutar lantarki ta maye gurbin gas a shekarun 1880 haɗarin ya ragu sosai.

Taglioni ba ta ƙara tsara wani wasa ba. Ta ci gaba da koyarwa har 1870, lokacin da yaƙin Faransa da Prussia ya ɓarke. Dukiyar da ta tara daga Paris da Landan da Rasha ta riga ta zube, mahaifinta ya rasu a 1871, ita kuma ta tsallaka Landan tana gab da shekara 70 tana neman abin rufin asiri. A can ta riƙa koya wa 'ya'yan masu hali rawar biki da yadda ake tafiya da rusunawa a gaban manya. Cikin ɗalibanta har da Gimbiya May ta Teck, wadda daga baya ta zama Sarauniya Mary, kakar Sarauniya Elizabeth ta 2.

Siket ɗin kuwa ya ci gaba da tafiyarsa ba tare da ita ba. Da 'yan rawar Italiya suka zo da takalma masu tauri da juyi mai sauri a ƙarshen ƙarni na 19, sai aka riƙa ɗage shi don a ga ƙafa gaba ɗaya, har ya zama gajere mai miƙewa a kwance kamar faifai, irin wanda aka san Swan Lake da shi, wasan da Pierina Legnani ta yi juyi 32 a jere a cikinsa a St Petersburg a 1895. A 1950 mai ɗinki Barbara Karinska ta yi wa George Balanchine wani mai laushi a New York, mai bin motsin jiki. Dogon na Taglioni bai mutu ba, ana sa shi duk lokacin da aka yi Giselle ko La Sylphide. Har yau da hannu ake haɗa na ƙwarai, ninki fiye da goma, aikin kwanaki masu yawa. Farin ma ya bar nasa gado: an daɗe ana ɗinka takalma da safar rawa da launin fatar Turawa kawai, 'yan rawa baƙar fata na shafa wa nasu hoda da kansu, sai a 2018 kamfanin Freed na Landan ya fara sayar da masu launin ruwan ƙasa.

A 1880 Taglioni ta koma Marseille wurin ɗanta Georges. A can ta rasu ranar 22 ga Afrilu, 1884, kwana ɗaya kafin ta cika shekara 80. Daga baya aka mayar da gawarta maƙabartar Père Lachaise a Paris. A wata maƙabartar kuma, ta Montmartre, akwai kabarin da ke ɗauke da sunanta, inda matasan 'yan rawa kan je su ajiye tsofaffin takalmansu. Kabarin mahaifiyarta ne. A cikin wannan maƙabarta aka binne Emma Livry.